Cindo Da Gadun Gonar Rogo

Wani mutum ne a garinmu, Cindo ake ce masa, maharbi. Ko in ce shi ne ya ce mana maharbi ne. Mu dai abin da muka taɓa gani a hannunsa bai wuce zabo ɗaya ba, shi ma akwai masu cewa na gida ne. Amma in ya zauna a gindin ɗorawa ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya ƙarar da giwayen ƙasar nan. Babu bindigar da bai taɓa riƙewa ba, babu dajin da bai kwana a ciki ba.

Ana nan sai Sarkin Baka ya rasu. A daidai lokacin kuma wani ƙaton gadu ya addabi gonar Gwaggo Yalwa, tsohuwar da ba ta da komai a duniya sai rogonta. Kullum sai ya tone kunya biyu ko uku. Mai gari ya ce magana ɗaya ce: duk wanda ya kashe gadun nan, shi ne sabon Sarkin Baka.

Cindo ya ce ai an gama, a fara neman rawani.

Matsalar ɗaya ce, adakarsa, bindigarsa ta gargajiya, ta fashe tun bara. Shi ya ce ƙarfin hannunsa ne ya yi mata yawa. Don haka ya nufi gidan Malam Haladu, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya dawo gida da wata bindigar zamani. Ita ma ta baki ake ɗura ta kamar adaka, sai dai ba a naɗe harsashinta da tsumma. Wani ɗan ƙoƙon roba ake zaunar da harsashin a ciki, sannan a danna su tare.

Malam Haladu ya baje kayan a kan tabarma, ya ce, "Ka ga harsashi iri biyu ne, ƙoƙon ma iri biyu. Siririn harsashi, koren ƙoƙo ne nasa, mai kauri. Babban harsashi kuwa, baƙin nan marar kauri. In ka saɓa..."

"Malam Haladu, ni za ka karanta wa? Shekara uku na yi ina harba irinta a Kamaru."

"Ashe ka je Kamaru?"

"Har sun gaji da ni."

Malam Haladu ya miƙa masa bindigar. Mutum ne da ba ya son hayaniya.

Washegari da safe Cindo ya ƙi ɗura bindigar a gida, sai a dandali, inda kowa zai gani. Ya zuba albarushi. Ya ɗauki babban harsashi, ya haɗa shi da koren ƙoƙo mai kauri, wai babba da babba. Ya danna, abu ya ƙi. Ya sa sandar ƙarfe ya tura, ya ƙi. Ya dafa da ƙirji har jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi sharkaf. Harsashi ya tsaya cak a bakin bindiga kamar jaki a bakin rafi. Sai da aka aro filaya wurin mai faci aka zaro shi.

Cindo ya share goshi ya ce, "Gwada ta na yi. Lafiyarta ƙalau."

Sai ya ɗauki siririn harsashi da baƙin ƙoƙo, wai tunda manya sun ƙi, a bar ƙanana da ƙanana. Kafin ya sa, ya zaro wuƙa ya yi wa harsashin tsaga uku. Al'adar maharbanmu ce, kowa da alamarsa, don in dabba ta je ta mutu a daji aka farke ta, a san mai ita. Ya ɗaga shi sama ya zagaya da shi, har hancin mai gari ya kai shi.

"Kowa ya gani da kyau. Gobe kada wani ya ce nasa ne."

Ya saka. Suuu! Harsashi ya wuce har ƙasa, ko sanda ba a taɓa ba.

Malam Haladu ya ce, "Cindo, wannan fa ya yi sako-sako."

"Hannu ne, Malam. Ta gane mai ita."

"To, don Allah kada ka sunkuyar da bakinta ƙasa."

Ina! Cindo ya riga ya saɓa bindiga a kafaɗa ya yi gaba, ana yi masa kirari.

Akwai wata kanya a tsakiyar gonar, ita ya hau. Mu kuma muka haye kan dutse can nesa, har da mai gari. Gwaggo Yalwa ce kawai ta ƙi bin mu. Ta ce rogonta ne, ta laɓe a bayan wani suri kusa da kanyar.

Da hantsi sai ga gadu, tinƙis-tinƙis, haurensa kamar lauje. Bai tsaya ko'ina ba sai gindin kanyar nan, ya durƙusa ya fara tono. Muka hango Cindo ya juyo da bakin bindiga ƙasa. Ya daɗe yana saiti. Ni har na fara jin tausayin gadun.

Daram! Hayaƙi ya turnuƙe kanya. Gadu ya ɗaga wutsiya ya faɗa daji a guje.

Cindo ya sauko yana tari, fuska baƙi ƙirin, yana dukan ƙirji.

"A zuciya na ba shi! Ba zai kai rafi ba!"

Mai gari ya dudduba ƙasa ya ce, "Ban ga jini ba."

"Ranka ya daɗe, harsashin zamani ba ya fitar da jini. Daga ciki yake dafa dabba. Yanzu haka yana cikinsa yana aiki. A aika a kawo rawani kawai."

Wasu har sun fara cewa Allah ya ja zamanin Sarkin Baka. Sai ga Gwaggo Yalwa ta fito daga bayan suri, tana kwance bakin zaninta a hankali. Ta miƙa wa mai gari wani abu. Harsashi ne, sabo fil, ko ƙwarzane babu sai tsaga uku.

Mai gari ya juya shi ya ce, "Cindo, wannan alamar wa ce?"

Cindo ya dubi harsashi, ya dubi bindiga, ya dubi Malam Haladu. Malam Haladu yana duban sama.

Gwaggo Yalwa ta ce, "Ranka ya daɗe, kada a zalunce shi, ya same shi. A gabana aka yi. Yana sunkuyar da bindigar, abin nan ya gangaro, ƙwal, a tsakar kan gadun. Har ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da cin rogona. Ƙarar ce ta kore shi."

Ta karɓi harsashin ta danƙa wa Cindo a tafin hannu.

"Ungo, ɗan nan. Gobe in ya dawo ka bar bindigar a gida, ka jefe shi da hannu. Zai fi jin zafi."