Yadda Na Goge wa Kawu Zanensa

Kawu ya aiko daga Gwandu in buga masa ƙaton hoto na walimar dawowarsa daga hajji. Ɗan hoton fasfo ne ya haɗo mani da shi, da an ƙara girmansa sai ya dushe. Na ce, "Ni da ke da shagon kwamfuta a Kalgo? A bar mani!" Na sa manhaja ta bi layukan fuskar ta sake zana ta, ta share duk wani tabo. Ina sauri kar a ɗauke wuta, ko dubawa ban yi ba na buga.

Aka warware hoton gaban baƙi. Kumatu sumul, zanen Kabawa da Kawu ke alfahari da shi babu ko tsaga ɗaya.

Kawu ya daɗe yana kallo. "Wanga ɗan wa na?"

Har yau da na shiga Gwandu sai in ji, "Wanzami, zo ka goge mana!"