Kaset Mai Casa'in

Na sayi kaset a Funtua, na ga lamba a kwalin. Bayaraben mai shagon ya ce, "Casa'in ne, Malam." Ashe mintuna yake nufi. Ni na ɗauka shekaru ne, tunda kamfani ba ya ƙarya a rubuce. Na naɗi muryar Baffa yana faɗin iyakar gonarmu, na ce mun gama da shaidu.

Bayan rasuwarsa maƙwabci ya ci iyaka. A gaban dagaci na danna rikoda ina gyara hula. Baffa ya yi kukan bijimi sau ɗaya, zaren kaset ɗin ya zubo kamar hanjin kaza.

Dagaci ya ce, "Shaidan naka ya gama?"

Kunya biyar ta gona ta tafi, ta shidan ni na sha ta. Har yau jikokina Casa'in suke kirana.