Kauɗar Turawa da Gadar Garinmu

Jama'a, jiya na sha kunya a kasuwar Turawa, kuma ba kowa ya ja min ba sai tumatir guda huɗu.

Tun kafin azumi muke zaune a ƙasar Turawan nan ni da mai ɗakina Rabi. Ita ta zo wankan jegon 'yarmu Juwairiyya, ni kuma aka haɗo ni riƙon jaka. To jiya da la'asar Juwairiyya ta ce mu fita cefane, daga nan ta kai mu gidan abinci. Muna shiga kasuwar na hangi tumatir an jera shi huɗu-huɗu a ɗan kwali, an lulluɓe da leda kamar jarirai. Na ɗauki kwali ɗaya na ce a gaya wa mai karɓar kuɗi ta yi ragi. Ta ƙi. Na ce to gyara fa? Juwairiyya ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, don Allah, nan ba Tsafe ba ce." Ai na ga alama! A Tsafe, inda muke zaune a gida, ko barkono ka saya sai an ƙara maka, a kuma tambaye ka iyali.

Abin da ya sa raina ya ɓaci shi ne, da safen ranar ƙanena Haliru ya kira ni daga ƙauyenmu na bayan Bunguɗu. Bana lambunsa ya yi albarka, amma gadar da mota ke bi ta shiga fadama ta karye tun daminar bara waccan, direbobin Gusau kuma sun ce ba mai jefa motarsa a rafi. Ya ce, "Yaya, mata sun yanka sun shanya har rufin ɗaki ya cika, saura shina nan shina ruɓewa. In wannan ɗiban ya wuce, ko na taki ba ni fitarwa." Gadar nan kuwa sau nawa aka zo da makaɗa aka aza mata harsashi! Yanzu a kan harsashin awaki ke shan hantsi.

Muna zama a gidan abincin sai na ji dariya irin ta gida. Na waiga, wa zan gani? Mai Girma Garkuwan Alkawari da kansa, mai aza harsashin nan, da tawagarsa sun cika dogon teburi. Wai sun zo ƙaro ilimi kan adana amfanin gona. Allah sarki, bayin Allah! Sun baro iyalansu, sun jure wahalar jirgi, ga su suna fama da haƙarƙarin rago a ƙasar sanyi, duk dominmu.

Na je na gaishe shi, ya ce, "A'a, mutanen gida! Bismillah, Malam, ku zauna."

Rabi ta taka min ƙafa ta raɗa min, "Kada ka ci. In baki ya ci, ido ke jin kunya." Haka na zauna na naɗe hannu na ce alhamdulillahi, ƙamshi na dukan hancina, yawu na tsinkewa, duk don in samu bakin yi wa Haliru magana.

Can aka kawo wasu jajayen abubuwa a yamutse cikin mai. Mai Girma ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce a tambayo masa mene ne. Juwairiyya ta tambayi mai kawo abincin ta ce, "Ranka ya daɗe, tumatir ne. Yanka shi ake yi a shanya a rana."

"A rana? Ba inji? Ikon Allah! Ku ɗauki hoto."

Rabi ta kasa haƙuri. "Ranka ya daɗe, ai kauɗa ce."

"Haba Hajiya! Kauɗa ta ƙauye daban. Wannan fasaha ce."

Na ga ƙofa ta buɗe, na shiga. Na zayyana masa gadar, da kwandunan Haliru da ke tsiyayar ruwa a bakin rafi, don wallahi abin na cina. Ya saurare ni tsaf, yana gyaɗa kai yana tauna. Da na gama ya dubi tawaga ya ce, "Kun gani? Ga maganin matsalar ƙanensa a faranti. In sun koyi shanya, me za su yi da gada? Busasshe ko a jaki a fitar. Muna komawa za mu shirya masu bita a Gusau."

Tawaga ta kaure da tafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ina za su bi su je bitar?"

"Za a kafa kwamiti," in ji shi, ya jawo haƙarƙari.

Yau da safe Haliru ya sake kira. Na gaya masa na ga Mai Girma ido da ido, na kuma ce masa ya shirya, ana tafe a koya wa matansa kauɗa. Sai ya ce, "To Yaya, ka ce su taho da rufin ɗaki, namu ya cika."

Ni dai ku taya ni jaje biyu, jama'a. Gadar ban samo ba, haƙarƙarin ma ban ci ba.