Miji Ne Zai Shafa

"Wa alaikumus salamu. Wa nake ji haka kamar mijin nan nawa da ya yi yaji?"

"Ni ne, amarya. Ina wuni? Ya jikin?"

"Jiki yana nan inda ka bar shi. Shigo ka ja mini ƙofa, kada sanyin ya gan ka ya tsere."

Hajjo na zaune a kan darduma a ɗakinta na ƙurya, a wani tsohon bene na unguwar Ulaisha a birnin Riyad. Ba a daɗe da idar da la'asar ba. Wanda ya shigo jikanta ne, wanda ɗanta Basiru direba ya haifa. Sunansa na yanka Ɗalhatu, sunan marigayi mijinta mahauci a Malumfashi, shi ya sa tun ranar suna bakinta bai taɓa kama sunan ba. Mutanen gida na ce masa Amir, ita kuwa Maigida. A nan Riyad aka haife shi, a nan ya yi wayo. Yanzu shekarunsa sun wuce na zama a kan iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama, kafilin da ya yi alkawarin tsaya masa ya sami tasa kuma ya janye. Gobe da hantsi jirgi zai kai shi Kano, fitar da ba a buga mata dawowa ba.

Ya durƙusa ya miƙo hannu. Ta janye nata ta cusa a ƙarƙashin mayafi.

"Yau ma ba a gaisawa da miji?"

"Wace matar kirki ka ga tana musabaha da mijinta? Tarbiyyar Riyad ke nan."

Ta faɗa da wasa, amma ta ga yadda hannun nasa ya tsaya a iska kafin ya mayar da shi kan gwiwa. Wata huɗu ke nan rabon da wani ya ga tafinta. Fatar ta bushe ta daddare, tana ɓarewa fari-fari kamar ɓawon rogo. Likita ya ce ba a ɗauka, ya kuma ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ta yarda da likita har ranar wani suna a unguwar Nasim, da ta miƙa hannu za ta karɓi jaririya, wata mata ta yi wuf ta ce, "Bari in riƙe miki, Hajiya." Daga ranar ta sa baƙar safar hannu irin ta fita, ba ta ƙara cirewa a gaban kowa ba. Rabonta da dafa kan Amir ta sa masa albarka ke nan, ita da a da ko kasuwar Utaiƙa zai je wurin aikinsa na rumfar dabino sai ta dafa shi.

"Me ke cikin ledar? In dabino ne ka mayar, haƙorana sun yi ritaya."

"Kayan lefe ne. Mai na kawo miki, na musamman. Man... ya'ani... man gurguntaka."

"Man me?"

"Gurguntaka."

"Innalillahi! Jama'a ku zo ku ji. Hannu ya ƙi, shi ne za ka haɗa mini da ƙafa, don kada in bi ka filin jirgi in tona maka asiri?"

"A'a, wallahi ba haka ba. Da Larabci gudruf. Abin nan fari na jikin nama, ba ƙashi ba, ba tsoka ba. Wanda ake taunawa yana ƙurus-ƙurus."

"Guringuntsi, ɗan nema! Gu-rin-gun-tsi. Maimaita."

"Gurun... gutsi."

"Allah Ya jiƙan mai sunan. Shekara arba'in yana fawa, ga magajinsa bai iya kiran guringuntsi ba. Da wannan bakin za ka shiga Kano? Ka je sayen nama mahauta su ɗaure ka su sayar a kilo."

"Ba mai sayena. Na faɗa musu ina da tsohuwar mata mai faɗa."

Ya fito da ɗan farin gwangwani ya ajiye a gefen darduma. Hajjo ta leƙa shi daga nesa kamar abin da zai yi tsalle.

"To guringuntsin me?"

"Na saniya. Mai kantin ya ce daga maƙogaro ake cira, a busar, a niƙa, a haɗa da mai. Ya ce yana sa fata ta yi laushi, ta daina tsagewa."

"Maƙogaron saniya! Abin da kakanka ke ba yara gyara don su bar masa bakin rumfa. Shi ne Turawa suka sa wa gwangwani da murfi? Da mun sani ai da mun tara, da yanzu ni ce mai benen nan."

"Da kin tara da kin cinye. An ce ke kike wawashewa kafin yaran su iso."

"Wa ya ce?"

"Baba."

"Ubanka maƙaryaci ne tun yana goye. Tsaya ma tukuna, wa ya yanka saniyar? Ya yi bisimilla? Ya kalli gabas?"

"Ga tambarin halal nan a jiki."

"Tambari ne ya riƙe wuƙar?"

"To akwai wani na kifin teku, in shi kike so in canjo. Wani ƙaton kifi, an ce duk jikinsa ba ƙashi ko ɗaya, guringun... abin nan ne kawai."

"Ba ƙashi ko ɗaya? Ashe kana da dangi a teku."

Amir ya yi dariya har ya zauna dirshan. Ita ma ta fara, sai ta tsaya. Ta dube shi: doguwar jallabiya, ɗan gemun da bai gama haɗuwa ba, kunnuwan Ɗalhatu sak. Ta tuna ranar da aka miƙo mata shi a asibiti, ta shafa maɗigarsa tana motsi a ƙarƙashin yatsanta.

"Ka san mene ne guringuntsi, Maigida?" Muryarta ta sauka. "Ƙashi ne da bai gama yin ƙwari ba. In aka yanka ɗan maraƙi, rabinsa duk shi ne. Kakanka ba ya son yanka irinsu, ya ce ba a ba su lokaci ba." Ta gyara mayafi. "Haka za su ɗauke ka su kai garin da ba ka san hanyar masallaci ba."

"Kawu Buraima zai tare ni."

"Buraima ko akuyarsa bai iya tarewa ba."

"To ki biyo ni mana. Wace irin amarya ce miji zai yi tafiya ta zauna?"

"Da wace ƙafar? Ai ka riga ka sayo mini gurguntaka. Ni nan za a rufe ni, na sani. Abin da ke ci mini rai, ranar da na tafi babu jikan da zai ɗaura zanena, ya ɗauki carbina, ya kwaikwayi tafiyata ya ba masu zaman makoki dariya. Ƙannenka ko Hausar kirki ba sa ji. Za a yi ta kuka kawai kamar wadda ba ta bar kowa ba."

"Zan yi miki a can. In ɗaura zanen, in ɗingisa tun daga Kano har Malumfashi, ina zagin duk wanda na gamu da shi. Kowa zai ce Hajjo ta dawo."

"Ni nake ɗingishi?"

"Kamar tsohuwar motar Baba."

"Ka ci gidanku."

"Gidanmu ai naki ne."

Ya sunkuyar da kai yana juya gwangwanin a hannu. Daga falo ana jin uwarsa Bilƙisu tana jan zip ɗin akwati, ya ƙi rufuwa, tana sake ja.

"Ajiye shi nan," in ji Hajjo. "In ka tafi na shafa."

"Ba haka ake yi ba. Akwai sharuɗɗa. Bari in karanta miki." Ya ɗaga gwangwanin saitin fuskarsa, ya gyara murya irin ta masu labarai. "An rubuta: a shafa sau biyu a rana, bayan an wanke hannu."

"To."

"Kada a sa a ido. Kada tsohuwa ta lasa, ko da ta ji ƙanshin nama."

"Ƙarya kake!"

"Ga shi nan da Larabci, karanta da kanki."

"Ka san ban iya na kanti ba, na allo na iya."

"To ki yi shiru a gama. Sharaɗi na ƙarshe, da jan rubutu: mai ciwo ba ya shafa wa kansa. In mace ce, miji ne zai shafa. In ba haka ba maganin ya karye."

Hajjo ba ta iya karatun kanti ba, amma ta iya karatun ido. Idonsa ba ya kan gwangwanin, yana kan mayafin da ta ɓoye hannuwanta.

"Saniyar ce ta faɗa musu haka kafin a yanka ta?"

"Wasiyyarta ke nan."

"To mijina ya rasu shekara goma sha tara."

"Ya bar wakili. Ga suna, ga kunnuwa."

"Maigida, bar wasan nan." Ta kau da kai wajen bango. "Ba abin gani ba ne. So nake ka tafi da hannuna na da a ranka, wanda ya yi maka ɗanwake. Ba wannan ba."

"Hajjo." Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. "Ni ban sani ba ko man nan yana aiki. Mai kantin ma da na matsa masa cewa ya yi wasu sun ji daɗinsa, wasu ba su ga komai ba. Na zaga Utaiƙa da Bataha ina neman abin da zan riƙo in shigo da shi, don in na zo hannu rabbana korata za ki yi da zolaya. Gobe in na hau jirgin nan, halas, shi ke nan. Ba na so a ce da safa muka yi sallama."

Na'urar sanyi ta yi ta kukanta. Hajjo ta ji idonta ya cika, ta kuwa tsani a ga hawayenta.

"Ka gama wa'azin? Mijin da ke kuka a gaban matarsa, ai sai a kai shi gaban alƙali."

"Ke ma ga shi nan kina yi."

"Sanyin na'ura ne."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Sannan ta zaro hannun dama daga mayafi, ta kama bakin safar ta ja a hankali, don zaren yana kama inda ya tsage. Hannun ya fito fari-fari, gaɓoɓin yatsun sun yi ja. Ta zuba wa fuskarsa ido tana jiran abin da ta gani a Nasim.

Amir ya karɓi hannun da nasa biyu, ya juya shi, ya duba tafin.

"Wannan ne? Wannan ne aka yi wata huɗu ana ɓoye mini? Na ɗauka zan ga ƙaho ya fito."

"Rufe mini baki ka yi aikinka."

Ya buɗe murfin, ya lakato man da yatsa, ya fara daga tsakiyar tafi yana bi gaɓa-gaɓa. Man da sanyi, hannunsa da ɗumi. Ta manta yadda ɗumin hannun mutum yake.

"Ko ƙanshin nama babu," ta ce. "An cuce ka. Wannan saniyar ba ta taɓa cin ciyawa ba."

"'Yar birni ce irina."

Da ya gama bai saki ba. Ya sunkuyo, ya ɗora hannun a kan gashinsa da kansa, ya riƙe shi a wurin. Yatsunta suka nutse, suka sami inda maɗigar take a da. Ta yi ƙwari. Bakinta ya shiga motsi, ta yi masa addu'ar tafiya, ta yi masa ta tsari, ta roƙa masa mutanen kirki a inda ba ta da ido, har numfashinta ya gaza. Ya ce amin kansa na ƙasa.

Da ya ɗago, man ya yi masa fari a gaban goshi. Hajjo ta dube shi, dariya ta ƙwace mata, ta gaske, hawaye na bin kumatunta.

"Ka ci ni, ɗan nema. Kai da saniyarka kun ci ni."

Ta sa haƙori ta cizge safar hagu, ta miƙa masa hannun.

"Ungo wannan ma. Kuma a hankali, Maigida. Jirgin naka ba yau zai tashi ba."