Turmin Bunguɗu

Ba zan taɓa mantawa ba da turmin da na ɗauka a Bunguɗu, don har yau in aka yi hadari wuyana sai ya tuna min da shi.

Lokacin ba a jima da yanke mana Zamfara daga Sakkwato ba, ina koyarwa a wata firamare a Gusau. In an tashi makaranta mukan zauna gindin darbejiya mu buga karta, ba ta caca ba, ta kashe lokaci kawai. Dokarmu mai sauƙi ce: wanda ya fara ƙarar da kartar hannunsa shi ya ci, kuma manyan kartoci kaya ne, kowa so yake ya rabu da su. Ni ne gwani a wurin, kuma ban ɓoye wa kowa ba (da na ɓoye, da wuyana ya huta).

Wani abokina na Tsafe ya yi aure a Bunguɗu, aka tura mu ɗauko amarya, ni da ƙanensa Lawali. A mota Lawali ya faɗa min cewa gidan amaryar suna da wata al'ada ta barkwanci. Kafin a saki amarya, wani daga ɓangaren ango zai buga karta da yayanta, Bala. In ɓangaren ango ya faɗi, wanda ya buga zai ɗauki turmin amarya a ka, daga ƙofar gida har bakin titi inda motoci suke.

"Malam, wasan nasu hwa ba irin naku na Gusau ba ne," in ji Lawali. "Bari in gwada maka yadda..."

Na ɗaga masa hannu. "Karta ai karta ce, Lawali. Kai dai nemo wa Bala gammo."

Gaskiyar magana, ba turmin ne kaɗai a raina ba. Amarya tana da ƙanwa, Hindatu, wadda na gani sau biyu, kuma sau biyun na manta abin da na shirya faɗa. Na ƙudura cewa ranar za ta san ko ni wane ne. To, ta sani kuwa.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Maza suka kewaye mu, mata suka cika zaure suna leƙe, na hango Hindatu a gaba. Bala ya gauraya karta, ya ba kowa biyar, sannan ya ce:

"Malam, doka biyu. In an zauna, ba mai sa maka baki daga waje. Kuma in hannunka na hwari bai yi maka ba, kana iya maido shi a sake maka, amma za a rage guda."

Na ɗauka kunnena ne. "A rage min guda?"

"Awo. Kowace sakewa, guda."

Na juya maganar a raina. Mutum ya ce bai son kartarsa, a saka masa da rage masa kaya? Me ya sa kowa ba zai yi haka ba? Na dubi fuskar Bala ko tarko ne, ban ga komai ba sai gashin baki. A ƙarshe na yanke cewa mutanen Bunguɗu ba su taɓa zama sun yi tunani kan dokarsu ba, kuma Allah ya kawo musu malami daga birni.

(Bari in faɗa maka abin da ni ban sani ba a lokacin. A wasansu kowa jefa karta guda yake yi, babba ta cinye ƙarama, wanda ya fi cinyewa shi ya yi nasara. Wato karta dukiya ce, babba kuma sarauta.)

Na buɗe hannuna, sai ga sarakuna uku da goma biyu. Kaya iya kaya. Na tura su gaban Bala a buɗe na ce, "A sake."

Wani tsoho ya sunkuyo ya duba kartocin, ya dube ni, ya ce, "La ilaha illallahu." Na ɗauka yabo ne.

Aka ba ni huɗu. Ban ko gama dubawa ba na ce a sake. Lawali ya fara tari. Aka ba ni uku, na mayar. Tarin Lawali ya tsananta, har na ce wani ya ba shi ruwa.

Bala ya riƙe kartar, ya dube ni da wani irin tausayi. "Malam, ka tabbata kuwa? Biyu hwa za ka samu."

A nan ne na ɗan rikice. In dokar tana cutarsa, me ya sa yake nuna yana jin tausayina? In kuma ni take cuta, ta ina? Na ƙirga, na sake ƙirgawa, lissafin bai canza ba: shi biyar, ni biyu. Na ce a raina tsoro ne ya kama shi.

"A sake."

Aka ba ni biyun, su ma na mayar, guda ta rage. Na ɗaga ta yadda 'yan zaure za su gani, na ajiye ta a hankali. "Wannan ma a sake."

Bala ya buɗe tafin hannunsa, ya miƙo min iska.

Na miƙe tsaye, na kakkaɓe babbar rigata, na ɗaga hannaye biyu wayam, na ce da muryar da nake kiran layi a makaranta: "Na ƙare! A fito da amarya!"

Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa. Har na fara murmushi, sai na ga tsohon nan ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki, Lawali ya rufe fuska da hula, Hindatu kuma ta dafa bango tana share hawaye da gyale.

"To, ba ni na ci ba?" na tambaya.

Bala ya jefa kartocinsa ɗaya bayan ɗaya, duk ƙanana, babu mai cinye su. "Malam, da mi za ka tare ni? Tun da muka gaji wasan ga, ba a taɓa samun wanda yab ba da sarakuna ukku kyauta ba."

Turmin na itacen ƙirya ne. Na ɗauke shi da babbar riga da takalmi sau-ciki, mata na bina da tafi, masu shaguna na fitowa suna tambayar laifin me na yi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Gammon ma Hindatu ce ta naɗa min da gyalenta, tana cewa, "In bai yi maka ba, Malam, kada ka ce a sake."

Gyalen ne ya ba ni dalilin komawa Bunguɗu, kuma shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura mana aure. Tun daga ranar, duk inda na je nakan fara tambayar yadda ake cin wasa kafin in zauna. A gida kuwa na daina ƙorafin abinci. Sau ɗaya na ce miya ba ta yi min ba, Hindatu ta ɗauke kwanon ba musu, ta dawo da shi. Miyar dai ita ce, naman ne ya ragu da tsoka guda.