Safiyar Da Na Kama Ɓarawon Ƙwan Kunkuru

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da safiyata ta uku a bakin teku ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni ɗan unguwar Gamkalley ne. Na gama jami'a nan Yamai, fannin dabbobi da tsirrai, na shekara biyu ina ban-ruwan salati a garkar kawuna, ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Wata rana na ga sanarwa a waya: wata ƙungiya a gaɓar tekun Benin tana neman ƴan sa kai na wata biyu, su taya ta kare kunkurun teku, waɗanda ke neman ƙarewa saboda ana kwashe ƙwansu ana ci. Na cike takardu nan take. Ranar da amsa ta zo cewa an ɗauke ni, na yi tsalle har na taka kwamin salati guda.

Inna ta saurare ni har na gama zuba, sannan ta ce, "To su kunkurun can ba su da masu su ne? Ga kififfiya nan cikin kogin Isa tun kana goye, ban taɓa ganin ka tsare ko ɗaya ba."

Ban bari ta sage mini gwiwa ba. Kafin mako ya zagayo, duk unguwa ta san zan fita waje aikin ceton halittu. (Na lura in ka ce "waje" ka yi shiru, mutane jirgin sama suke kawowa a ransu. Ban gyara wa kowa ba.) Abokina Haruna, tela ne a unguwar Zongo, ya ɗinka mini rigar aiki mai aljihu takwas, ya raka ni tasha, ya ce, "Kullum ka kira mu da bidiyo, mu ma mu ga tekun nan."

Teku kuwa! Ni da babban ruwan da na sani shi ne Isa lokacin cikarsa, sai ga ruwa ba tsallake, yana ruri kamar an jera manyan motoci. Na tsaya baki buɗe har igiyar ruwa ta zo ta tafi da takalmina ɗaya. Ko a jikina. Murna ta hana ni jin yunwa.

Mai kula da mu wata mata ce, Madam Afi, gajera mai saurin magana. Kwana biyu tana koya mana aiki da Faransanci. Uwar kunkuru takan fito ta haƙa rami a rairayi, ta zuba ƙwai, ta binne, ta koma ruwa. Namu shi ne mu bi gaɓa da sassafe mu nemi sawunta. In ramin yana inda ruwa zai cinye shi, ko inda ɓarayi za su gani, sai a kwashe ƙwan a kai wani shingen rairayi da ake tsaro. Ta yi ta ambaton wani Papa Kojo, wanda ya kafa wurin, ta ce ya je jana'iza ƙauyensu, yana nan dawowa. Ni a raina na riga na zana shi: babban mutum, farin gilashi, mota. Akwai kuma wani dogon bayani da ta yi kan yadda ake ɗaukar ƙwan. Wannan ya wuce ni, don a lokacin ina neman inda zan tsaya hoto ya fito da teku a bayana.

Safiya ta uku aka ba ni yankina ni kaɗai. Na yi sallar asuba, na saka rigar aljihu takwas, na kama hanya ina jin kaina kamar jandarma. Gari ya waye sosai sai na kira Haruna. Na same shi a teburin mai shayi a Zongo, da burodi a hannu. Nan da nan kawunan mutane suka cika fuskar wayar: mai shayin, direbobin taksi biyu, da wani dattijo mai sayar da goro da ya ce a matso masa ya ga ruwan da ba shi da ƙarshe.

Ina cikin yi musu lacca sai na hango shi. Wani tsoho, ba riga, da guntun wando da hular kaba da ta yage, ya durƙusa ya zura hannu cikin rairayi har kafaɗa. Yana zaro wasu farare-farare yana jerawa cikin bokiti.

Zuciyata ta buga. Ba tsoro ba ne, wallahi, daɗi ne. Kwana uku kacal, ga ni da ɓarawo a hannu, ga shaidu daga Yamai!

"Ku duba da kyau," na ce musu da Hausa, da ƙarfi, tunda na tabbata nan ba mai ji. "Kun ga tsohon banzan can? Irinsu ne suka ƙarar da kunkuru. Ji ƙafafunsa kamar na zalɓe. Yau dubunsa ta cika."

"Kai, bi a hankali," in ji Haruna.

"Kama shi!" in ji mai shayi.

Shawarar mai shayi na bi. Na sheƙa a guje, na daka wa tsohon tsawa da Faransanci, na fizge bokitin, na juya na nufi sansaninmu. Waya a hannun hagu, bokiti a hannun dama yana lilo, ina ihu, "Madam Afi! Ɓarawo! Na kama ɓarawo!" Ina jin mutanen Zongo suna tafi ta cikin waya. Na waiwaya, na ga tsohon yana biye da ni, ba gudu yake ba, ya ɗaga hannu biyu sama yana wata magana. Na ƙara mai.

Madam Afi ta fito da sauran ƴan sa kai, masunta ma suka bar taru suka taho. Na tsaya gabanta ina haki, na ɗaga bokitin sama kamar kofin da aka ci a filin ƙwallo. Ba ta dubi fuskata ba. Bokitin ta kafa wa ido.

"Kar ka motsa," ta ce a hankali. "Sauke shi. Sannu. Sannu na ce!"

Na sauke. Sannan ta dubi bayana, muryarta ta canza. "Papa, sannu da dawowa."

Ashe Papa Kojo ne. Tsohon ya iso, ya durƙusa, ya leƙa bokitin ya daɗe. Ya gyara ƙwai biyu da suka mirgino, da yatsu kamar mai taɓa idon jariri. Sannan ya miƙe ya dube ni, ya ce da Hausa tsantsa, irin ta kasuwar Yamai:

"Yaro, ƙafafun zalɓen nan shekara ashirin suna hawa tsani a unguwar Koira Kano, can Yamai. Magini ne ni. Wane gida kake a Gamkalley?"

(A rigar da Haruna ya ɗinka mini, ni da kaina na sa ya rubuta GAMKALLEY a ƙirji da zare ja.)

Daga cikin wayar da na manta tana kunne sai muryar dattijo mai goro ta fito tar: "Baba, ka yi haƙuri, ba mu muka aiko shi ba." Masunta ba su ji Hausa ba, amma da Papa Kojo ya fassara musu, wani har ya zauna ƙasa don dariya.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da Madam Afi ta gaya mini bayan an watse. Bayanin da na ƙi saurare shi ne wannan: ƙwan kunkuru ba a girgiza shi, ba a juya shi. Yadda ka same shi a rami haka za ka ajiye shi, in ba haka ba ɗan da ke ciki yana iya mutuwa. Ni kuwa na yi tseren mita ɗari biyu da ƙwai sama da ɗari suna lilo a hannuna. Na zo ceto, wataƙila na hallaka gida guda.

Na sami Papa Kojo a shinge yana binne su. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi laifi. Ka gafarce ni."

"Zagin ba komai, na ji wanda ya fi shi a wurin masu gidajen da na yi wa gini," ya ce. "Waɗannan za ka ba haƙuri. Sababbi ne, rairayin da na zuba a tsakaninsu ma ya tare su. Wataƙila su yi, wataƙila ba su yi ba. Ramin nan naka ne daga yau."

Mako bakwai ina gadin ramin nan. Na kori kaguwa, na kori karnuka, na gyara masa inuwa da ganyen kwakwa, na yi masa addu'a bayan kowace salla. A nan na ji cewa shi kansa Papa Kojo da ƙwan kunkuru aka yi renonsa, kuma da bakinsa ya bi masunta gida-gida har suka daina kwasa. A Yamai kuwa labari ya riga ya kai Gamkalley. Inna ta kira ta ce, "An ce ka je ƙasar mutane ka yi wa tsoho fashi."

Saura kwana huɗu in dawo, da la'asar sakaliya, rairayin ramin ya lotsa. Wani ɗan baƙin kai ya leƙo, sai na biyu, sai wurin ya ɓarke kamar tafasar tukunya. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ba duka suka fito ba. Da muka tone ramin daga baya mun sami waɗanda ba su ƙyanƙyashe ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini ko gudun da na yi ne sanadi. Amma mafi yawa sun fito. Muka kai su bakin ruwa, suka bazama da ƴan hannuwansu suna faɗuwa suna tashi, igiya ta zo ta ɗauke su. Ina tsaye ina kuka ina dariya, Papa Kojo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga saurinsu? Kai suka gado."

Na dawo Yamai da darasi guda, kuma ba a jami'a na samo shi ba: kafin ka ceci wani abu daga hannun mutum, fara yi masa sallama ka tambayi sunansa. In kuwa ka ƙudura sai ka yi wauta, to don Allah kashe wayar tukuna.