Ni da Kwalba a Layin Masu Tsargiya

Ba zan taɓa mantawa da kwalaben nan ba. Su na fara gani da na shiga farfajiyar lakwal ɗinmu ta Gaya, wato makarantar boko, wata safiyar Litinin: ƙananan kwalabe jere a kan tebur ƙarƙashin mangwaro, kowace da ƴar takarda ɗaure a wuya, ɗaya bakinta a ɓantare. Mutanen likita ne suka zo duba tsargiya, cutar nan mai sa yaran bakin gulbi fitsarin jini.

Lokacin Faransawa ba su tafi ba, kuma mu uku ne kawai mata a ajinmu. Baba, da yake malamin allo ne, bai bar ni na shiga lakwal ba sai da sharaɗi: ranar da ya ji na bi yara gulbi, ranar zan ajiye allo. To, na bi. Wata Alhamis da ba karatu, Hadiza ƴar masunta ta ja ni, na shiga ruwa har ƙugu (ko iyo ban iya ba, tsayuwa kawai na yi ina rawar ɗari). Bayan sati biyu, ran Lahadi, na ga jini a zanena, marata tana murɗawa. Na ce shi ke nan, gulbi ya tona mini asiri. Na wanke zanen a ɓoye, na shanya bayan rumbu, ban gaya wa Inna ba.

Malaminmu, da muke kira Mushe, ya jera mu, likitan ya ce duk mai ganin jini ya fito. Yara maza suka fito suna taƙama, don a wurinsu wannan alamar girma ce. Ni kuwa, da ko sunana aka kira a aji sai na sunkuyar da kai, na yi tunani: in na sha magani na warke, Baba ba zai taɓa ji ba. Na fito, na tsaya bayan Isufu, sarkin tsokanar ajinmu, na miƙa hannu biyu aka ba ni kwalba.

Isufu ya waiwayo. "Ƴar Malam, ke ma kin zama namiji?"

Likitan ya tsawatar, sannan ya tambaye ni a gaban kowa ko a ƙarshen fitsari nake ganin jinin. Da yake an koya mini faɗin gaskiya, na ce a'a, ko ban yi fitsari ba yana zuwa, tun jiya bai tsaya ba. Mushe ya ɗaga kai yana duban mangwaron da ko fure bai yi ba. Manyan ajin suka fara ƙyalƙyalewa, ni kaɗai ban san abin dariyar ba.

Madam Fanta, ungozomar likita, ita ta karɓe kwalbar, ta kama hannuna muka shiga aji. Ta ɗauki allona ta zana wani abu kamar ɗan tulu a kife, mai hannuwa biyu. Ta ce wannan mahaifa ce, kowace mace tana da ita a mararta. Gefe da gefe akwai jakar ƙwai. Kusan kowane wata ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta cikin jini, ƙwai ɗaya ya nuna ya fito, mahaifa ta yi masa shimfiɗa. In ba ciki, sai shimfiɗar ta zube. Haila ke nan, lafiya ce, kwanaki kaɗan za ta ɗauke.

Na ce, "Wato ba gulbi ba ne?"

"Wane gulbi?"

Da bakina na tona kaina! Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce za ta duba fitsarina ita kaɗai, amma wannan dai ba aikin gulbi ba ne. Ban taɓa jin numfashi ya yi mini daɗi kamar ranar ba. Lakwal tana nan, ni ma ina nan.

Isufu ya kira ni Mai Kwalba har ƙarshen shekara. Na dai gane cewa in kana ɓoye laifi, ko tari ka yi sai ka ce shi ne ya biyo ka. Da Inna na tambaya, da a ɗaki za a gama, ba a layin maza ba.

A ranar dai, da za mu fita daga ajin na riƙe gefen rigar Madam Fanta, na ce, "Madam, don Allah ki raka ni gida, ki yi wa Inna bayani da allon nan, kada a goge. Maganar gulbi kuwa, mu bar ta nan lakwal."